Daga Kaka Zuwa Hunturu: Yadda Sanyi da Iska Ke Sauka a Duwatsu da Fadamun Gwaram

Gabatarwa

Idan watan Oktoba ya raba tsakiya a ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, hadari yakan daina haɗowa, ciyawa ta fara rawaya, raɓa ta ragu, iska kuma ta sauya hanya. Manoma da makiyaya sun san waɗannan alamomi tun kaka da kakanni, kuma Bahaushe ya raɗa wa kowane mataki suna: agazari, kaka, hunturu, ɗari, jaura da hazo. Sai dai akwai wani al'amari da ke ɗaure wa ɗalibai kai. A darasin labarin ƙasa an koya musu cewa iska tana ƙara sanyi gwargwadon yadda mutum ya ƙara hawa sama. Amma mai gadin lambu da ke kwana a bakin kogi zai shaida cewa ɗarin asuba a fadama ya fi na gangaren dutse cizo. Wannan maƙala za ta bayyana inda sanyin yake fitowa, da yadda dutse da kwari suke raba shi, da abin da ake sa ran gani wata bayan wata, da kuma amfanin sanin haka ga noma da lafiya.

Shimfiɗar Ƙasar

Ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu suna kudancin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a shekarar 1991, kuma suna maƙwabtaka da Jihar Bauchi. Yankin yana wajen digiri 11 arewa da layin ikwaita. Arewa maso gabashin jihar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta yashi da jigayi, amma kudancinta yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. Wannan ne ya sa ake ganin duwatsu sun yi cirko-cirko a wajen Fagam da Kila, da kuma kewayen garin Birnin Kudu, inda Dutsen Habude da Dutsen Mesa suka shahara saboda zanen shanu da mutanen dā suka bari a jikinsu.

Tsakanin duwatsun akwai kwari da fadamu. Kogin Bunga, wanda ya samo asali daga tsaunukan Jos, yana ratsa wannan ɓangare kafin ya gangara Jama'are, inda ake kiran sa Kogin Jama'are. Akwai kuma Kogin Iggi a ƙasar Birnin Kudu. Saboda haka cikin tafiyar 'yan kilomitoci kaɗan mutum zai iya tashi daga kan fa ya sauka gona ta tudu, daga nan ya gangara fadama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare uku yana da irin nasa daren.

Iskoki Biyu da Iyakarsu

Yanayin Afirka ta Yamma yana hannun manyan iskoki biyu. Ta farko tana tasowa daga Tekun Atlantika, ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Ita ce mai kawo damina. Ta biyu tana fitowa daga Hamadar Sahara, ta arewa maso gabas, busasshiya ƙayau. Ita ce iskar hunturu. Inda suka yi karo akwai wata iyaka wadda ba a ganin ta da ido, amma masana yanayi suna bin sawunta kullum a kan taswira.

Wannan iyaka tana bin rana. A watan Agusta, lokacin marka, takan kai wajen digiri 20 arewa, can cikin ƙasar Nijar, don haka Gwaram tana lulluɓe da iskar teku. Daga Satumba sai ta fara ja da baya. A cikin Oktoba takan ratsa ta kan Kano da Jigawa ta yi kudu, zuwa Janairu kuwa ta kusa gaɓar teku. Ranar da iyakar ta wuce wani gari, ranar ce iskar garin ke juyawa. Shi ya sa hunturu kan riga isa Gumel da Haɗejiya kafin ya iso Gwaram, ya kuma riga isa Gwaram kafin ya kai Abuja.

Daga Ina Sanyin Yake Fitowa?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa iskar hunturu ce ke ɗauko sanyi gaba ɗaya daga wata ƙasa mai nisa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin a watannin Disamba da Janairu ita kanta Sahara tana da sanyi. Amma kaso mai yawa na ɗarin da ake ji, a nan gida ake yin sa, kuma da dare. Dalilai uku ne suka haɗu.

Na farko shi ne karkatar rana. A ƙarshen Agusta rana tana tsayawa daidai tsakar ka a Gwaram. Zuwa 21 ko 22 ga Disamba ta koma can kudu, ta yadda ko da tsakar rana tsayinta a sama bai wuce kamar digiri 55 ba. Hasken da ya zo a karkace yakan bazu a kan fili mai faɗi, don haka ƙarfinsa ya ragu. Har ila yau yini yakan gajarta zuwa kamar awa 11 da rabi, dare kuma ya ƙara tsawo.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne bushewar iska. Ƙasa tana shan zafin rana da yini, da dare kuma ta mayar da shi sama ta hanyar wani irin haske da ido ba ya gani. Tururin ruwa da girgije suna tare wannan zafi su dawo da wani sashensa ƙasa, tamkar bargo. Da damina bargon yana da kauri, shi ya sa dare ba ya yin sanyi sosai. Da hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, sama kuma ta yi tangaran babu girgije. Ke nan an yaye bargon, zafi yana ficewa tun daga magariba har wayewar gari. Wannan ne dalilin da ya sa sanyi ya fi tsanani da asuba, dab da fitowar rana, lokacin da ƙasa ta daɗe tana asarar zafi. Ma'aunan birnin Kano, wanda yanayinsa ya yi kusa da na wannan yanki, sun nuna cewa a Janairu zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyas da asuba, ya hau zuwa wajen digiri 29 ko 30 da rana. Wasu darare yakan sauka ƙasa da digiri 10.

Na uku shi ne abin da busasshiyar iska ke yi wa jiki. Duk lokacin da ruwa ya zama tururi, sai ya ɗebi zafi daga abin da yake kai. Ta haka ne randa ke sanyaya ruwa, kuma shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi da hunturu. Fatar mutum ma haka take: iska tana kwashe danshinta, tare da shi ta kwashe ɗumi. Saboda haka mai alwala da asuba yakan ji sanyin da ya fi wanda ma'auni ya nuna. Bahaushe ya riga ya bambance wannan da kansa, inda ya kira sanyi mai bushewa ɗari.

Dutse da Kwari

Ƙa'idar da ake koyarwa a aji gaskiya ce: a bisa ƙiyasi, iska tana rage zafi da digiri 6.5 a kowane hawan mita 1,000. Birnin Jos, wanda ke sama da mita 1,200 daga doron teku, ya fi Gwaram tsayi da ɗaruruwan mitoci, don haka ya fi ta sanyi da kamar digiri 5. Amma dutsen da tsayinsa bai wuce mita 200 daga filin da ke kewaye da shi ba, ribarsa a wannan lissafi ba ta fi digiri 1 da ɗan ɗori ba. Da rana, sa'ad da iska ke gauraya, wannan ɗan bambanci shi ne ake samu.

Da dare labarin yakan sauya. Iskar da ke taɓa ƙasa ita ce ta fara yin sanyi, kuma iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. Don haka sai ta riƙa silalowa daga gangaren dutse sannu a hankali, kamar yadda ruwan sama ke bin gangare, ta taru a kwari da fadama da gadon kogi. Kafin asuba an sami wani tafki na iska mai sanyi a ƙasa, iska mai ɗan ɗumi kuma tana kwance a samansa. Masana suna kiran wannan hali juyewar zafi, domin tsarin da aka saba ya kife. Daɗin daɗawa, shi kansa dutse yana riƙe zafin da ya sha da yini, ya riƙa sakin sa a hankali bayan faɗuwar rana. Duk wanda ya taɓa zama a kan fa da almuru ya san wannan ɗumi.

Ana iya ganin juyewar zafi da ido. Da sassafe hayaƙin murhu ko na ƙonar yayi yakan tashi kaɗan, sa'an nan ya kwanta ya miƙe kamar an shimfiɗa zane a kan fadama. Ya kasa hawa ne saboda ya ci karo da iskar da ta fi shi ɗumi. Sharaɗin aukuwar haka shi ne dare ya zama shiru, sama kuma garau. Idan iska ta kwana tana kaɗawa, takan gauraya ta sama da ta ƙasa, bambancin ya ɓace.

Iskar Hantsi da Hazo

Wani abin lura shi ne cewa da hunturu gari yakan waye tsit, amma da hantsi ya ɗaga sai iska ta taso da ƙarfi. Dalili kuwa shi ne, da dare tafkin iska mai sanyi yana raba doron ƙasa da iskar da ke sama. Ita ta saman, da yake babu bishiya ko dutse da ke tare ta, sai ta ƙara gudu a 'yan ɗaruruwan mitoci daga ƙasa. Da rana ta ɗumama ƙasa, juyewar zafi ta warware, sai wannan gudu ya sauko. Inda iska ta ratsa tsakanin duwatsu biyu takan ƙara matsewa ta ƙara sauri, yayin da wurin da ke bayan dutse ta kudu maso yamma yakan sami kariya.

Ƙurar da ke zama hazo kuwa, mafi yawanta daga nesa take zuwa. Babbar mahaƙarta ita ce kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kusa da garin Faya-Largeau, fiye da kilomita 1,000 daga Gwaram. Wurin tsohon gadon Tafkin Chadi ne, na zamanin da tafkin ya ninka girmansa na yau sau da yawa, shekaru dubbai da suka wuce. Ƙasarsa fara ce mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Tsaunukan Tibesti da na Ennedi sun sa kwarin a gaba, iska kuma tana matsowa ta tsakaninsu da ƙarfi ta kwashi ƙasar. Ana lissafa Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna ƙurar Sahara tana ƙetare Atlantika har Amurka ta Kudu.

Hazo ba kullum yake zuwa da ƙarfi ɗaya ba. Idan matsin iska ya ƙaru a kan Libiya, iskar arewa maso gabas takan yi ƙarfi, Bodele ta tashi, bayan kwana ɗaya zuwa biyu kuma ƙurar ta iso arewacin Nijeriya. Ta haka ne Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, take iya yin gargaɗin hazo tun kafin ya iso. A ranar hazo mai kauri, inda gani ba ya kai mita 1,000, yini yakan yi sanyi saboda ƙura ta tare hasken rana.

Abin da Ake Sa Rai Wata-wata

Shekaru suna bambanta, amma tsarin da aka saba gani shi ne kamar haka. Daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba ruwa yakan ɗauke. Rana tana da zafi, domin girgije ya tafi amma danshi bai gama tafiya ba. Wannan shi ne agazari. Raɓa tana sauka sosai, musamman a fadama.

A Nuwamba iskar arewa maso gabas takan zauna. Safiya da maraice suna da daɗi, dare ya fara neman mayafi, hazo kuma yana zuwa jefi-jefi. Lokacin ne bambancin tudu da fadama ke fara bayyana.

Disamba da Janairu su ne tsakiyar ɗari. Dare yana da tsawo, danshi ya yi ƙasa ƙwarai, jaura tana kaɗawa da hantsi, hazo yakan kwana biyu ko uku ko fiye kafin ya washe.

A Fabrairu asuba tana nan da sanyinta, amma rana ta fara cizo. Daga Maris zafi yakan karɓe gari, ya kai ƙololuwa a Afrilu, lokacin da ma'auni ke kaiwa digiri 38 zuwa 40.

Amfanin Wannan Sani

Ga manomi, bushewar iskar kaka alheri ce. Ita ce ke busar da dawa da gero da wake da gyaɗa. Hatsin da aka zuba a rumbu da sauran danshi yakan yi fumfuna, kuma wani nau'in fumfunar gyaɗa da masara yana haifar da guba mai lahanta hanta. Saboda haka amfanin da aka shanya a fadama, inda raɓa ta fi daɗewa, yana bukatar a rufe shi da dare ko a kai shi tudu.

Ga mai noman rani, sanyin fadama jari ne, amma mai ƙarewa. Alkama tana son sanyi, kuma irin da ake shukawa a arewa yakan nuna cikin kamar wata uku zuwa uku da rabi. Shi ya sa masana aikin gona, ciki har da na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda alhakin binciken alkama ke wuyanta, suke ba da shawarar a yi shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa cikin Disamba. Wanda ya yi jinkiri har Janairu, alkamarsa za ta zo cika ƙwaya daidai lokacin da zafin Maris ya sauka, ƙwayar ta motse, buhu ya ragu. Tumatir ma yakan zubar da fure idan dare ya yi zafi.

Ta fuskar lafiya, ƙura da bushewa suna tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, su buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Mura da tari da ciwon ido sukan yawaita, masu asma kuma su fi shan wahala. Mafi haɗari shi ne sanƙarau, wanda yakan fi ƙamari daga Fabrairu zuwa Afrilu, sa'ad da ƙura ta haɗu da zafi. A annobar 1996 mutane fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 kuma suka rasu. A 2011 aka fara babbar allurar rigakafin nau'in da ya haddasa waccan annoba, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kariya daga nau'i biyar. Zazzaɓi mai zafi tare da ciwon kai da sandarewar wuya alama ce ta a garzaya asibiti nan take.

Akwai kuma haɗarin da mutum ke jawo wa kansa wajen gudun sanyi. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Wajibi ne a fitar da kasko kafin a kwanta, a kuma bar kafar shigar iska. Haka nan wutar da aka bari da sauran rai da asuba, lokacin da gari ke shiru, ita ce iskar hantsi ke hurawa ta cinye danga da rumbu da karan da aka tara.

Gwaji a Makaranta

Malamai za su iya tabbatar wa ɗalibai duk wannan da kayan aiki kaɗan. A sami ma'aunin zafi guda biyu, a fara ajiye su wuri ɗaya don a ga ko suna ba da lamba ɗaya. Sa'an nan a rataye ɗaya a tudu ko gangaren dutse, ɗaya a fadama, kowanne a inuwa, a tsayin mita ɗaya da rabi daga ƙasa. A riƙa karanta su da ƙarfe 6 na safe da ƙarfe 2 na rana har tsawon mako huɗu. Kullum a rubuta ko dare ya yi shiru ko ya yi iska, da kuma ko ana iya hango wani sanannen dutse ko bishiya daga harabar makaranta. A ƙarshe a kwatanta dararen shiru da dararen iska.

Don auna bushewar iska, a naɗe kan ma'auni ɗaya da auduga jiƙaƙƙiya, a ajiye shi kusa da busasshe, a yi musu fifita na 'yan mintoci. Da damina tazarar da ke tsakaninsu ba ta cika wuce digiri 4 ko 5 ba, amma da yinin hunturu takan haura digiri 10.

Kammalawa

An ga cewa juyawar iska ce ke buɗe kakar sanyi, bushewarta ce ke bai wa ƙasa damar zubar da zafinta da dare, shimfiɗar ƙasa kuma ita ce ke yanke inda sanyin zai kwana. Hasashen da ake ji a rediyo na jiha ne ko na yanki baki ɗaya, ba ya bambance Fagam da bakin Kogin Bunga. Wanda ya fahimci waɗannan ƙa'idoji zai iya ɗaukar wancan hasashe ya daidaita shi da gonarsa da gidansa: idan magariba ta yi shiru, taurari suka fito tar, to, fadama za ta kwana cikin ɗari, kuma da hantsi iska na tafe.